Rasuwar Gwaggo Sonda, Mai Auna Gindin Gada

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma maƙogwaro cike da maganar da aka hana ni faɗi a buro, wato ofis, ni Yahaya ɗan Tanimu, mazaunin Talaje, mai auna ƙasan kogi a wata hukuma da ba zan kira sunanta ba, nake sanar da jama'ar Yamai, na wannan gaɓa da na Harobanda, rasuwar abokiyar aikina, Gwaggo Sonda. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar da kaɗan, a cikin jirgin Sumana, a gindin ƙafa ta huɗu ta gada, tana bakin aikinta. Shekararta goma sha biyar a ƙasar nan. Waɗanda ta yi a ƙasar Turawa kafin ta zo ba mu da labarinsu, ita kuma ba ta taɓa yi mana gorinsu ba.

Ga wanda bai san marigayiya ba, akwatin ƙarfe ce mai ruwan toka. Ba ta kai akwatin amarya girma ba, amma nauyinta kilo arba'in ne cif, bayana shaida ne. Aikinta auna zurfin ruwa. Turawa suna ce mata sondar, Sumana mai tuƙa mana jirgi ya mai da ita Sonda, matata Delu kuma ta ƙara mata Gwaggo, don ta ce duk gidanmu ba wanda ake lallaɓawa kamarta. Kunne ɗaya gare ta, wani dunƙulen tagulla a ƙarshen bututu, wanda muke zurawa cikin ruwa a gefen jirgi. Ta nan take aika ƙara zuwa ƙasan kogi, ta saurara, ƙarar ta bugi yashi ta dawo mata. In ta dawo da wuri, ƙasa na kusa. In ta daɗe, akwai zurfi. Abin da ta ji sai ta rubuta shi da wata allura mai zafi a kan takardar da ke naɗe a cikinta, takarda tana tafiya, allura tana ƙona layi. Kana zaune a jirgi, rigarka a bushe, kana kallon tudu da kwarin da ke ƙarƙashinka. Iliminta ke nan duka, kuma ba ta taɓa cewa ta san wani abu bayansa ba.

Ta shigo ƙasar nan ta Kwatano, shekara biyu kafin a sauke tutar Faransa. Ta hau jirgin ƙasa, ta hau kamiyo, babbar motar kaya, ta iso Yamai da wata lotsawa a gefen hagu wadda har yau tana nan. Wani Bature ne ya zo da ita don auna hanyar jirgin fito, lokacin ba gada, ba ma maganarta. Ni aka ba ni ɗaukar batir. Da muka sami mulkin kai, Baturen ya tattara nasa ya nasa, ya miƙa mini makulli da wani littafi na Faransanci da ruwa ya cinye rabinsa, ya ce in ta yi shekara guda a hannunmu a sake masa suna. To, duk inda yake, a gaya masa ta yi goma sha uku, kuma muna nan muna neman sunan da za mu sa masa.

Halinta, jama'a, halin kirki ne, amma ba na waliyyai ba. Ba ta son sanyin safe. Sai an kunna ta an jira ta, tana wani gunaguni, hmmm, hmmm, kamar tsohuwar da aka tasa kafin ta gama barci, sannan ta fara: tak, tak, tak, allura kuma tana amsa mata da ƙyas, ƙyas a kan takarda. Tana da cin batir kamar me. Tana da warin ƙonanniyar takarda da ke kama riga, har Delu ta ware mini igiyar shanya daban. In raɓa ta taɓa ta, sai ta yi yini ba ta kula kowa ba. Duk wannan na yarda, ba zan rufa mata asiri don ta mutu ba. Amma ƙarya, a'a. Shekara goma sha biyar ban kama ta da ko ɗaya ba.

Sau ɗaya na taɓa zarginta, kuma ni na ji kunya. Muna auna wani wuri sama da gari, wurin da muka bi mako guda kafin nan muka same shi shimfiɗe, sai ga allura ta zana tudu a tsakiyar kogi. Na ce wannan kuma daga ina? Na buga mata gefe, na ce Gwaggo, tsufa ya fara ke nan. Sumana ya leƙo, ya dubi takarda, ya dubi ruwa. Sai ya juya jirgi a hankali ya yi gaɓa. Ba mu yi nisa ba tudun ya ɗago kai ya yi hamma. Dorina ce. Tun ran nan, in idona ya ce abu kaza, Gwaggo ta ce a'a, idona nake ba haƙuri. Da aka zo gina gada ma, injiniyoyin waje sun zo da tasu sabuwa fil mai walƙiya, suka yi ta yi wa tawa dariya. Aka gwada su wuri ɗaya. Bambancinsu bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma ni har yau na fi zargin tasu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya kashe ta, don ba ciwon tsufa ba ne, ko wa ya gaya muku haka.

Gada tana tsaye ne kan ƙafafu na siminti da aka kafa cikin kogi. Ruwa in ya taho ya ci karo da ƙafa, ba ya wucewa salin alin. Juyawa yake yi, ya nutsa ƙasa, ya ƙwaƙule yashin da ke gindinta ya tafi da shi. A sama ba ka ganin komi, mota na wucewa, jaki na wucewa, a ƙasa kuwa rami ne ke buɗe baki. Shi ya sa tun da aka buɗe gadar nan, ni da Sumana da marigayiya muke zagaya kowace ƙafa muna aunawa. A jikin kowacce akwai jan fenti, daga nan ake fara ƙirga. Gindin ƙafa ta huɗu ya ƙare ne a mita goma sha ɗaya ƙasa da fentin, haka yake a zanen gini, na gani da idona. Sauran ƙafafun lafiyarsu lau, yashinsu yana nan inda muka bar shi. Ta huɗun nan, inda ruwa ya fi gudu, ita ce ta hana ni sakat. Awon farko mun sami ƙasa a mita huɗu. Daga baya biyar da rabi. Bara bakwai. A watan nan Gwaggo ta rubuta tara. Saura mita biyu ruwa ya shiga ƙarƙashin ƙafar, ya bar ta tana reto da gada a kanta.

Maganin kuma ba ɓoyayye ba ne, ba sai an je wajen boka ba. Duwatsu ne manya, kamiyo arba'in, a juye su cikin ramin, ruwa ya sami abin da ya fi ƙarfin haƙorinsa. Kamiyon muna da su, dutsen yana nan bayan gari. Abin da ya rage sa hannun mutum ɗaya.

Mutumin shi ne sabon shef ɗinmu, shugaban buro, Mushe Halidu, wato Malam Halidu da Faransanci, wanda aka kawo mana daga Maraɗi wata biyu da suka wuce. Zan yi masa adalci, don ni ba a raine ni da ƙage ba. Ba ɓarawo ba ne, ba rago ba ne, kafin masu shara su zo yana buro. Hanya kuwa ya san ta, in ya shimfiɗa maka titi sai ka yi sha'awar kwanciya a kai. Amma ɗan bakin Gulbin Maraɗi ne. Ruwan da ya sani tun yana ƙarami shi ne wanda ke zuwa da damina, ya yi haukansa, damina na ɗaukewa ya janye, a shiga cikin gulbin a shuka taba da rogo. Na kai masa takardar Gwaggo, na shimfiɗa a tebur, na ɗora yatsa a kan tara. Ya duba. Sai ya tashi, ya tafi bakin taga, ya ɗaga kai ya dubi sama. Wallahi sama ya duba! Ya ce, “Malam Yahaya, damina ta wuce, bana ma ba wani ruwan kirki aka yi ba. Kamiyo suna kan aikin hanya. A bari sai baɗi.”

Na ce, “Shef, kogin Isa ba gulbi ba ne. Babban ruwansa bai zo ba tukuna.”

Ya ce, “Daga ina zai zo? Ka ga hadari?”

Jama'ar Yamai, ku kun san amsar, amma zan faɗa saboda baƙi. Kogin Isa sau biyu yake cika. Na farko jan ruwa ne, na daminarmu, mai laka, ya zo ya wuce. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda su Sumana ke kira hari bi. Wannan ba ruwan samanmu ba ne. Can ƙasar Gine aka yi shi, ya gangaro ya kwanta a fadamun Mali wata da watanni, sannan ya taso, ya iso mana tsakiyar ɗari, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Ya fi jan ruwa daɗewa, kuma mako da makonni yake yi yana dukan ƙafar gada ba hutu. Mai wanki a bakin kogi ya san haka, mai lambu ya sani, jakin mai ɗiban yashi ma ya sani. Na yi wa shef wannan bayani tiryan-tiryan. Ya ce ya karanta a littafi, amma bana fari ake yi ko'ina, abin da zai zo ba zai taka kara ya karya ba. Da na gaya wa Sumana, wanda iyayensa da kakanninsa duk Sorko ne, masunta, sai ya yi dariya har ya ajiye filafili. Ya ce, “Kala suru, sai haƙuri, Yahaya. Ka ce masa ya zo ya dubi ruwa, ya bar sama ta huta. Mako shida ya rage.”

Daga nan aka koma kan marigayiya. Tunda ba a son labarin, sai aka ce mai kawo shi ce ba ta da lafiya. Wai tsohuwa ce, wai ta Turawan mulki ce, wai kunnenta ya toshe. Na ce to, mu gwada da wani abu. Na ɗaura darma a igiya na zura, ta ba ni tara da ɗoriya. Aka ce ruwa ne ya ja darmar, igiya ta karkace, ba a yarda ba. Sumana ya kawo gorarsa mai mita shida, ya soka ta har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa, bai taɓa komi ba. Aka ce gorar Sumana ba ma'aunin gwamnati ba ce. Kai, jama'a! Ni da na yi shekara goma sha biyar ina durƙuson kallon allura har idona ya fara neman tabarau, yau ni ake koya wa abin da ake kira awo.

Ranar Talata shef ya ce zai je da kansa, kuma ya je, wannan na yaba masa. Ya shiga jirgi da takalminsa mai sheƙi, ya zauna ya riƙe gefe da hannu biyu. Muka isa ƙafa ta huɗu rana ta take. Na kunna Gwaggo, ta yi gunaguninta, ta fara tak, tak, tak. Layi ya taho a huɗu, ya gangara, ya gangara, ya zauna a tara. Shef ya ce a sake. Sumana ya zagayo, muka sake. Tara. Ya ce a bi ta ɗaya gefen. Tara. Na ce, “Shef, a bar ta ta huce, ba a yi mata fiye da zagaye uku a jere cikin rana.” Ya ce in da lafiyarta ai ba za ta gaji ba. Na huɗu, tara. Na biyar, tara. Na taɓa jikinta na ji kamar murfin tukunya, na cire rigata na jiƙa na rufa mata. Na shida muryarta ta fara rawa, tak ɗin yana ja, amma ta rubuta tara. A na bakwai ta kai bakin ramin, allura ta gangara kamar kullum, ta isa tara, ta tsaya. Na ji wani tas a cikinta, hayaƙi siriri ya fito ta wajen lotsawar nan ta Kwatano. Sai shiru. Sau bakwai aka tambaye ta abu ɗaya, sau bakwai ta ba da amsa ɗaya, a kan ta bakwai ta cika.

Ban yi kuka a jirgi ba, amma na kusa. Abin da ya mai da hawayen ciki shi ne maganar shef. Ya ce, “Ka gani ko? Dama ba ta da lafiya, shi ya sa take ta rubuta shirme.” Na ce, “Shef, ba shirme ya kashe ta ba, maimaici ne.” Ransa ya ɓaci, ga zafin rana, ga ruwa ya shiga takalmi. Ya ce, “Ni dai kada in sake ganin akwatin nan a buro. Ka kwashe ta ka jefa a kogi in ka ga dama.” A gaban Sumana ya faɗa, da wasu masunta biyu da ke gyaran taru a gindin ƙafa ta uku. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ban sallama nan take ba. Na ɗora ta a kan keke na tura har Babbar Kasuwa, wajen Isaka mai gyaran rediyo, mutumin da ya taɓa tayar da ita sau biyu da wayar da ya ciro daga wata tsohuwar fanka. Ya kwance murfi, ya sunkuya ya shaƙa, bai ko ɗauki abin aiki ba. Ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshi huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Yahaya, sai haƙuri. Naɗin wayar da ke cikinta ya narke. Irinsa sai an aiko daga Faransa, in an yi sauri wata shida.” Na ce mako shida gare ni. Ya ce, “To ka zauna ka sha ruwa.” Na zauna a bencinsa na yi kukan da ban yi a jirgi ba, masu sayen batir suna tsammani uwata ce ta rasu, suna yi mini gaisuwa, ni kuma ina amsawa.

Ranar Alhamis aka ajiye mini takarda a tebur. An buga ta tsaf da keken rubutu. Tana cewa ni, Yahaya Tanimu, na tabbatar na'urar ta daɗe da lalacewa, awonta na bana ba abin dogaro ba ne, awon da hukuma ta sani a ƙafa ta huɗu shi ne na farko, mita huɗu. An bar mini wurin sa hannu, an ba ni zuwa Litinin. Ba a ce za a kore ni ba, Mushe Halidu ba ya irin wannan. An dai tuna mini ana neman ma'aikaci a can arewa, inda ba kogi ba gulbi, in je in auna zurfin rairayi.

Na kai maganar gida. Wanda bai san Delu ba, ita ce doguwar nan mai sayar da salati da tumatir a ƙofar Babbar Kasuwa ta yamma, wadda in ta kira ciniki har masu atamfa ke juyowa. Kowace safiya ita da matan unguwa sukan haye gadar nan da tasoshi, su saro kaya a lambunan Harobanda, su sake hayowa. Sau biyu a rana take taka kan ƙafa ta huɗu. Ta saurare ni har na gama, tana tsinke ganye. Ta ce, “Malam, in ka sa hannu ba zan ce maka komi ba. Amma daga ran nan kai za ka riƙa zuwa saro salatin.” Ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba. Ba zan tsaya a kan gawar wadda ba ta taɓa yi mini ƙarya ba in ce maƙaryaciya ce. A buga wata takardar, wannan ta riga ta zama abin kunna wuta.

Marigayiya ta rasu ta bar batir guda, wanda ya riga ya saba da wahala, yanzu yana zaman makoki a ƙarƙashin gadona. Ta bar kunnenta na tagulla, da rabin littafin Faransanci da ba wanda ya taɓa buƙatarsa. Ta bar ƴaƴa ɗari biyu da goma sha huɗu, wato naɗe-naɗen takardar da ta rubuta tun zamanin jirgin fito, kowanne da kwanan wata a bayansa da hannuna. Autansu shi ne na ranar Talata, mai tara bakwai a jere, gefensa ya ɗan babbake. Wannan ba ya buro, kuma kada wanda ya wahalar da kansa neman sa, yana inda Delu ke ajiye abin da ba ta son in gani. Ta bar Sumana, wanda tun ran nan in ya bi ta ƙarƙashin gada ba ya magana. Ta bar ni. Ta kuma bar duk wanda ke hawa gadar nan bai san da ita ba: masu raƙuma da itace, ƴan lakwal masu zuwa karatu, shanun da ake korowa kasuwa, da motocin manya masu tuta. Duk marayunta ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Lahadi mai zuwa, da hantsi, a gindin ƙafa ta huɗu. Ba salla, ba likkafani. Ƙarfe ce, na san addinina, limamin unguwarmu ma ya riga ya ja mini kunne. Masu jirage su zo ta ruwa, Sumana ya sanar da masunta tun daga sama har ƙasan gari. Sauran jama'a su tsaya bisa gada, ta gefen da ruwa ke tahowa, a bar wa motoci hanya, kada a ce mun tare titi. Ba a karɓar goro, ba a karɓar hatsi. Wanda zai yi mini ta'aziyya ya zo da dutse, iya wanda wuyansa zai ɗauka. Ƙananan za mu zuba su cikin ragar waya da Isaka ya yi kwana biyu yana saƙawa, mu ɗaure baki, don kada ruwa ya kwashe su ɗaya ɗaya. Delu da matan salati sun ce dama tasoshinsu wofi suke hayewa da safe, daga yanzu da dutse za su tafi, su dawo da ganye, har ran da kamiyo za su karɓe su. Ni ma'auni ne, na san dutsen tasa ba zai cika ramin kamiyo arba'in ba. Amma a bari garin nan ya ga mata suna yi da ka abin da kamiyon hukuma ke zaune ba su yi ba.

Kabari kuwa ba sai an haƙa ba, kogi ya riga ya haƙa. Shef ya ce in jefa ta a kogi, a gaban shaidu uku, ni kuma ma'aikaci ne mai bin umarni. Sai dai ba jefawa za mu yi ba, Gwaggo ta fi ƙarfin haka. Saukar da ita za mu yi a hankali, da sabuwar igiya, cikin ramin da aka ce babu shi. An ce ruwa ya ja darmata don ba ta da nauyi. To, ga kilo arba'in, na kuma cika cikinta da tsakuwa, a ga ruwan da zai karkata ta. Na ƙulla igiyar da hannuna, kowane ƙulli mita ɗaya, wanda ke shakka ya zo da ma'aunin gwamnati ya gwada kafin a fara. Daga jan fenti za a ƙirga, kamar kullum.

Muna gayyatar Mushe Halidu da girmamawa, kuma mun tanadar masa wuri a gaban jirgi, da tabarma busasshiya saboda takalmi. Shi ne babba a wurin, shi ya kamata ya saukar da gawa. Igiya za ta bi ta tafin hannunsa, shi zai ƙirga ƙulli da bakinsa, da Faransanci in ya fi masa sauƙi, na bisa gada su amsa masa da Hausa da Zabarmanci. In igiya ta saki a huɗu, a miƙo mini bik na rubutu da sabuwar takarda, in sa hannu nan cikin jirgi a gaban kowa, in ɗaure kayana in yi arewa. In ta wuce huɗu, ba na neman a ba ni haƙuri, ba na neman a wanke sunana. Kamiyo nake so ranar Litinin da safe. In kuma shef bai samu zuwa ba, Delu ce za ta riƙe igiyar, ita kuwa in ta ƙirga, har buro za a ji.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda ya fi damuna. Ƙulli goma sha ɗaya na yi a igiyar. A na ƙarshen na ɗaura jan ƙyalle, don nan ne gindin gada ya ƙare. Zuwa ran Lahadi, kwana biyar ke nan ba wanda ya saurari ƙasan kogin, shi kuwa ruwa bai tafi hutu don Gwaggo ta mutu ba. Ina son in ci gardamar nan, Allah ya sani ina so. Amma ku taya ni roƙo ta tsaya a tara, inda ta faɗa, kada jan ƙyallen nan ya iso hannun kowa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya tsare masu hawa gada. Wanda zai zo, ya zo da dutsensa.